Kiɗan da Ba Ya Gaggawa

A shekarar 1992 wani matashin ɗan jarida mai suna Dom Phillips, da ke aiki a mujallar Mixmag ta birnin Landan, ya lura cewa wani irin kiɗa ya fara cika gidajen rawa na Birtaniya alhali ba shi da suna. Kiɗan na'ura ne, dangin wanda aka haifa a Shikago ake ce masa house, sai dai ya fi shi nauyi, ya fi shi tsawo, kuma ba ya jingina da mawaƙi. Yana da ƙarfin da zai girgiza gini, yana kuma da daɗin amon da zai sa mutum ya lumshe ido. Phillips ya raɗa masa suna progressive house, sunan kuwa ya bi shi. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, kuma idan ka tara masoyan kiɗan ka tambaye su me sunan yake nufi, da wuya a tashi ba a yi musu ba. Ɗan shekara hamsin zai ɗauko maka faifai mai minti goma wanda ba a furta kalma ko ɗaya a cikinsa ba. Ɗan shekara talatin zai kunna maka waƙar da dubban mutane ke rerawa tare a filin wasa, hannuwa a sama. Kowannensu yana da hujja, domin kasuwa ta liƙa wa abubuwan biyu suna guda.

Tun ranar suna kalmar ta zo da ma'ana biyu. Ta farko bayani ce a kan yadda ake gina kiɗan: abu ne mai tafiya hawa-hawa, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ta biyu kirari ce: mu ne masu ci gaba, sauran an bar su a baya. Ta farkon ce ta riƙe ni shekara da shekaru, ita nake karewa a nan. Ta biyun ban taɓa yarda da ita ba, kuma abin da ya biyo baya bai gaskata ta ba.

Wanda bai saba ba zai ɗauka abu ɗaya ake ta maimaitawa. Ga yadda abin yake. Akwai babbar ganga ta na'ura da ke bugawa ba ragi ba ƙari, bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, gaɓoɓin kuma ana jera su zango-zango, 8 ko 16 ko 32. Idan kiɗan yana tafiya a kan bugu 128, to gaɓa 32 minti ɗaya ce cif. A ƙarshen kowane zango mai haɗa kiɗan yakan yi ƙaramin canji guda: ya shigo da 'yar kacau-kacau can nesa, ko ya shimfiɗa wani sauti mai kauri a ƙasa, ko ya zare wani abu da kunnenka ya riga ya saba da shi, ka ji gibin kafin ka gane abin da ya ɓace. Akwai kuma maɓallin tace sauti. Idan an rufe shi, amon yakan dusashe ya koma can ciki. Idan ana buɗe shi a hankali, sai amon ya riƙa washewa har ya cika ɗaki. Gwani na iya shafe minti biyu yana murɗa wannan maɓalli ɗaya tak. Babu baiti, babu amshi. Sai ka kai minti na bakwai ka farga ba inda ka faro kake ba, kuma ba za ka iya nuna daƙiƙar da aka sauya maka wuri ba. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta, kuma tana da wuyar gaske, domin mai haɗa kiɗa ya ɗan yi sake kaɗan, haƙurin da ya nema daga mai sauraro sai ya koma gundura.

Aikin DJ shi ne ya yi wa dare guda abin da mai haɗa kiɗa ya yi wa faifai guda. Yana da na'urar juya faifai biyu a gabansa, galibi Technics SL-1200. Zai daidaita saurin faifan da ke tafe da na wanda ke tafiya, ya bar su suna gudu tare na minti ɗaya ko biyu ko fiye, har sabon ya haɗiye tsohon ba tare da masu rawa sun ankara ba. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan faya-fayai doguwar shimfiɗa da dogon rufewa na ganga zalla. Wurin haɗi ne aka bar wa DJ da gangan.

Babu ko ɗaya cikin dabarun nan da aka ƙago a Ingila. Tsawaita waƙa saboda masu rawa aikin mutanen disko ne na New York: a 1976 kamfanin Salsoul ya fitar da "Ten Percent" na ƙungiyar Double Exposure a babban faifai mai inci 12, bayan Walter Gibbons ya miƙe ta har ta kusa minti goma. A 1977, a birnin Munich, Giorgio Moroder da Donna Summer suka yi "I Feel Love", inda na'urar Moog ta ɗauke kusan duk aikin makaɗa. A ƙarshen 1981 Manuel Göttsching ya zauna a situdiyonsa na Berlin ya naɗi E2-E4 a zama ɗaya, kusan awa guda ana lilo tsakanin amo biyu kacal. Faifan bai fito ba sai 1984, amma ya kai har hannun DJ Larry Levan a gidan rawa na Paradise Garage. Zare sauti da mayar da shi da sakin amsa-kuwwa kuwa gadon Kingston ne ta Jamaika, daga wurin King Tubby, mai gyaran rediyo da lasifika wanda ya mai da teburin haɗa sauti abin kiɗa. Ita kanta gangar daga Shikago ta fito, daga Frankie Knuckles da ya fara juya faifai a gidan rawa na Warehouse a 1977, da samarin baƙar fata da suka riƙa sayen na'urorin Roland irin su TR-909 da TB-303 na hannu da arha, saboda manyan makaɗa sun raina su.

A 1987 Paul Oakenfold da Danny Rampling da abokansu biyu suka je tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen, suka ji DJ Alfredo a gidan rawa na Amnesia, suka koma Landan suka fara buɗe nasu dararen. Kafin shekara biyu, matasa dubbai na taruwa a rumbunan ajiyar kaya da filayen gona suna kwana rawa. Zuwa 1992 kiɗan waɗannan tarurruka, wanda ake kira hardcore, ya zama gudun famfalaƙi: bugu 140, 150, an matse muryoyi sun koma tsiririya, ana yanko sautin shirye-shiryen yara na talabijin ana cusawa. "Charly" ta ƙungiyar The Prodigy, wadda ta fito a 1991, an gina ta ne a kan kukan wata mage ta zanen gwamnati mai gargaɗin yara. A 1992 Mixmag ta sa jagoran ƙungiyar a bangonta tana tambaya ko wannan waƙa ce ta kashe harkar.

A gefe guda akwai wasu mutane da suka rage gudu. Neil Barnes da Paul Daley, waɗanda suka zama Leftfield, dukansu makaɗan ganga ne da hannu kafin su koma ga na'ura, Barnes har kiɗan samba ya yi. "Not Forgotten" ta 1990 ita ce da yawa suke ɗauka a matsayin mafarin salon, kuma idan ka saurare ta yau za ka ji dalili: gangar Shikago ce, amma sararin da ke kewaye da ita na Kingston ne. Kamfanin Guerilla na William Orbit da Dick O'Dell ya zama matattara, da su Spooky da React 2 Rhythm. A Glasgow akwai kamfanonin Soma da Limbo. A 1992 "Passion" ta Gat Decor ta shiga ko'ina. Da Leftfield suka fitar da kundinsu Leftism a 1995, akwai muryar Earl Sixteen ɗan Jamaika a ciki, akwai kuma ta John Lydon na Sex Pistols. Shekara guda bayan haka suka yi wasa a zauren Brixton Academy da ƙarar da ta sa ƙura da ɓarɓashin rufi suka riƙa zubowa a kan jama'a.

To daga ina kirarin ya fito? Aro aka yi daga kiɗan rock na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, zamanin su Pink Floyd da Yes da Genesis da King Crimson, masu waƙoƙin minti ashirin da ke ganin abin da suke yi ya wuce nishaɗi, fasaha ce ta manya. Da aka ɗora kalmar a kan kiɗan rawa a 1992, saƙon a fili yake ko da ba a faɗa ba: hardcore na yaran talakawa ne marasa ɗanɗano, namu kuwa na masu hankali ne. Marubuci Simon Reynolds, a littafinsa Energy Flash na 1998, ya soki wannan hali sosai. A ganinsa, duk lokacin da wani ɓangare na kiɗan rawa ya fara kiran kansa mai ci gaba ko mai basira, to shirin neman karɓuwa a wurin manyan kamfanoni yake yi, kuma yakan biya kuɗin shiga ne ta hanyar zubar da tushensa. Ya yi gaskiya a kan kirarin. Daga cikin wannan hardcore da aka raina ne kiɗan jungle ya fito, a unguwannin Landan inda 'ya'yan baƙi daga Jamaika suka taso tare da 'ya'yan Turawa 'yan ƙwadago, kuma shi ne kiɗan da ya fi kowanne kawo sabon abu a Birtaniya a wannan zamanin. A 1995 Goldie ya fitar da Timeless, wanda waƙarsa ta farko kaɗai ta kai minti 21. Idan ci gaba ake nema, ga shi nan ya ɓullo ta ƙofar da aka ce babu komai a bayanta.

Inda na rabu da Reynolds shi ne hukuncinsa a kan kiɗan kansa. Girman kan wasu masu sauraro bai isa ya soke aikin hannun masu yi ba. Wanda ya saurari Leftism ba zai ce an wanke ta daga Jamaika ba.

Siyasa ma ta taimaka wa salon, ko da bai roƙa ba. A watan Mayu na 1992 mutane sama da 20,000 suka mamaye filin Castlemorton kusan mako guda suna rawa ba da izini ba. Gwamnati ta fusata, kuma a 1994 aka kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro, dokar da har ta bayyana kiɗan da take nufi da cewa mai bugu ne da ke ta maimaituwa. Rawa ta bar fili ta koma ɗaki mai lasisi, mai tikiti, mai ƙa'idar tufafi. An buɗe gidan rawa na Ministry of Sound a Landan a 1991, Cream a Liverpool a 1992. A wannan shekarar kuma Geoff Oakes ya buɗe Renaissance a Mansfield, garin masu haƙar kwal, ya ƙawata wurin da labule masu nauyi da ginshiƙai da zane-zanen Italiya na da. A nan DJ Sasha, ɗan yankin Wales, ya haɗu da DJ John Digweed na garin Hastings.

Waɗannan biyu su ne suka kai sana'ar ƙololuwarta. A 1994 suka fitar da Renaissance: The Mix Collection a faifan CD uku, a 1996 kuma Northern Exposure, wanda har yau nake ganin babu kamarsa a wannan fage. Ba tarin waƙoƙi ba ne. Sun zaɓi faya-fayan mutane dabam-dabam, sun daidaita saurinsu da amonsu, har ya zamana kana jin abu guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. Daga 1997 suka riƙa zuwa gidan rawa na Twilo a New York wata-wata suna kwana suna kiɗa har rana ta fito. Digweed na iya shafe awa biyu yana shimfiɗa kafin ya saki faifan da jama'a ke jira, kuma jama'ar sun san da haka, abin da suka biya kuɗi su ji ke nan. Jerin faya-fayan Global Underground ya ɗauki wannan tsari ya liƙa masa sunayen birane, su Sydney da San Francisco da Hong Kong, ya aika da shi duniya.

Ta wannan hanya ta CD kiɗan ya iso gare ni, ba ta gidan rawa ba, kuma bai zo mini a matsayin baƙo ba. Kunnen ɗan Najeriya da ya taso da faifan Fela ya san waƙar da ke cinye fuskar faifai guda ita kaɗai. Ya san gangar Tony Allen za ta fara, jita ta biyo, ƙahoni su shigo, a daɗe ana tafiya kafin Fela ya buɗe baki. Ba ina cewa Sasha daga Legas ya koyo ba. Abin da nake cewa shi ne, haƙurin da Turawan 1992 suka ɗauka alamar wayewa ce ta musamman, a wasu wurare tsohon abu ne da kowa ya sani.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Ƙwayar ecstasy tana cikin tarihin gidajen rawan nan tun daga Ibiza, ta kuma ci rayukan matasa. Matsalar ƙwaya na cikin abin da ya sa hukumomin New York suka matsa wa Twilo har aka rufe shi a 2001. Masu cewa ba a jin daɗin kiɗan sai da ita, ban yarda da su ba ko kusa. Ni da shayi da lasifikar kunne na ji shi, kuma duk abin da gwanayen nan suka saƙa a ciki yana nan ga mai hankalinsa garau, ya ma fi fitowa.

Zuwa farkon shekarun 2000 salon ya fara cin kansa. Faya-fayai suka yi duhu, suka yi kama da juna, ganga da amsa-kuwwa na minti goma ba tare da an je ko'ina ba. An riƙe tsawon, an manta da tafiyar. Kuɗin manyan DJ ya yi tashin gwauron zabi, matasa suka gaji, a 2002 Cream ta daina darenta na mako-mako. Dom Phillips ya rubuta tarihin tashi da faɗuwar wannan zamani a littafinsa Superstar DJs Here We Go! na 2009. A Brazil ya ƙarasa rubuta shi, ya kuma zauna a can, ya koma ba da rahoto a kan dajin Amazon da mutanen cikinsa. A watan Yuni na 2022 aka kashe shi a kwarin Javari tare da Bruno Pereira, masani kan al'ummomin asali na yankin, yana da shekara 57.

Abin da ya sami sunan bayan haka, aikin kanti ne. A 2004 aka buɗe Beatport, shagon intanet inda DJ ke sayen kiɗa, kuma kowane faifai dole a jefa shi cikin wani rukuni. Duk abin da ke da daɗin amo, bai kai kiɗan trance gudu ba, sai a ce progressive house ne. Da farko akwai ɗan dalili. "Strobe" ta deadmau5, ɗan Kanada, wadda ta fito a 2009, ta haura minti goma, kuma ana daɗewa kafin ganga ta shigo. Amma da guguwar manyan bukukuwa ta taso a Amurka da Turai, su Ultra a Miami da Tomorrowland a Beljiyam, sai rukunin ya cika da "Levels" ta Avicii ta 2011 da "Don't You Worry Child" ta Swedish House Mafia ta 2012 da dubban masu kwaikwayonsu. Tsarin waɗannan kishiyar na farko ne: a ɗaga jama'a cikin daƙiƙa talatin, a sake su da ƙarfi, a sake ɗagawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. DJ a bikin fili awa ɗaya ake ba shi, ga wasu dandamali a gefe suna kiran jama'a, ba shi da damar shimfiɗar awa biyu. Daga baya Spotify ta ƙara nata, domin ba ta ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, don haka kowa ke tura abin da ya fi daɗi zuwa farkon waƙa. Ba na raina Avicii. Yaron yana da baiwar amo ta gaske, kuma rasuwarsa a Muscat a 2018 yana ɗan shekara 28 abin tausayi ne. Amma abin da ya yi waƙa ce mai baiti da amshi da aka ɗora a kan gangar na'ura, sana'a ce dabam. Ko Beatport ɗin daga baya ta buɗe wani rukuni ta kwashe da yawa daga cikin irin waɗannan zuwa can, sai dai lokacin suna ya riga ya gauraye.

Sana'ar kuwa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. A Ajantina, Hernán Cattáneo ya gina masu sauraro da ke tsayawa awanni suna bin sa a hankali, har a 2018 ya kai kiɗan cikin Teatro Colón na Buenos Aires tare da ƙungiyar makaɗan goge. Eric Prydz na Suwidin ya fitar da "Opus" a 2015, minti tara, tana farawa da tafiyar hawainiya tana ƙara sauri har ta kai bugu 126, kuma ya kunna ta a gaban jama'ar bukukuwan nan da aka ce ba su da haƙuri, suka jira shi. Digweed yana nan da kamfaninsa na Bedrock. Daga wani tushen dabam kuma, na kwaito da house na Afirka ta Kudu, amapiano ya zo da waƙoƙin minti shida da bakwai waɗanda ke jan rai kafin su saki babbar gangarsu, ya kuma ci kasuwar Afirka har Najeriya. Wannan ya isa shaida cewa masu sauraro ba su rasa haƙuri ba. Masu sayarwa ne suka daina neman sa a wurinsu.

Manhajar FL Studio da Avicii ya yi aiki da ita, ita ce a kwamfutocin samarinmu da yawa masu haɗa kiɗa. Ga su nake magana, da duk wanda ya kai nan a karatu. Ka nemi faifan farko na Northern Exposure, ka ware masa awa ɗaya da 'yan mintoci, ka ajiye waya nesa, kada ka tsallake ko waƙa ɗaya. In kana haɗa kiɗa, ka riƙe takarda ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowace gaɓa 32, sannan ka koma kan naka aikin ka gwada barin abu ɗaya ya yi minti biyu kafin ka ƙara masa na biyu.